Masaukan Alhazai, Daga Jidda Zuwa Shisha

Duk garin da ya ke bakin teku, inda jiragen ruwa su ke tsayawa, ba ya rasa gidajen saukar baƙi. A Ingila ko Faransa, matuƙan jirgi da fatake su kan tarar da mashaya tun daga bakin gaɓa, a sha giya a ƙasa, a kwana a bene. Jidda ita ma tashar jirgin ruwa ce, tsohuwa ƙwarai da gaske, amma masaukanta dabam su ke da waɗancan, domin yawancin baƙinta ba ciniki ya kawo su ba. Alhazai ne masu nufin Makka, wadda ta ke wajen mil 45 gabas da Jidda. Don haka labarin masaukan Jidda ba ya ƙarewa a Jidda. Sai ya bi hanyar raƙuma har Makka, a zamanin nan kuwa ya zarce har wata unguwa ta gabashin Makka da a ke kira Shisha, inda dubban alhazai su ke kwana kowace shekara.

Mai koyon Hausa zai fi gane labarin in ya fara rarrabe waɗansu kalmomi. Zango shi ne wurin da ayari ya ke sauke kaya ya kwana, a bayan gari ko kusa da rijiya. Shi ya sa unguwannin Hausawa na Kumasi da sauran garuruwan Gana a ke ce musu Zango har yau. Masauki kuwa gidan mutum ne, mai gidan shi ne mai masauki, ko fatoma a bakin fatake. Aikin fatoma ya wuce ba da ɗaki. Shi zai ajiye wa baƙo kuɗinsa, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso, in ta Allah ta kasance ya yi masa sutura, ya aika wa danginsa abin da ya bari. Otal ita ce baƙuwa a cikin kalmomin, daga Turanci aka aro ta, kuma mutum yana iya yin wata guda a otal bai san sunan mai shi ba. Abin da ya sami alhazai cikin shekara ɗari da hamsin da suka wuce shi ne, an ɗauke su daga hannun mai masauki an kai su otal.

Halifa Usman ɗan Affan shi ya mai da Jidda tashar Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, watau 647. Kafin nan a Shu'aiba jirage su ke tsayawa, kudu da Jidda. Mutanen garin suna cewa kabarin Hauwa'u, matar Annabi Adamu, yana wurinsu, har waɗansu su kan ce daga nan sunan garin ya fito, domin da Larabci "jadda" kaka ke nan.

Wani malamin Andalus, Ibn Jubair, ya sauka Jidda a 1183, bayan ya ƙetaro teku daga gaɓar Afirka. Ya tarar yawancin gidajen garin bukkoki ne, sai dai akwai gidajen baƙi na dutse da laka, waɗanda Larabawa su ke kira funduƙ, da rumfuna a kan soro inda a ke kwana saboda zafi. Irin wannan gida, wanda a ke kuma kira han ko wakala, fasalinsa kusan ɗaya ne daga Alƙahira har Bagadaza: ƙofa ɗaya babba wadda raƙumi zai shige da kayansa, fili a tsakiya, ɗakunan ajiya a ƙasa, na kwana a sama. Ba gado, ba abinci. Baƙo shi zai zo da tabarmarsa da tukunyarsa. Abin da ya ke biya wa kuɗi shi ne inuwa, da ƙofar da a ke kullewa da dare.

Abin da ya sa garin ya cika da irin waɗannan gidaje shi ne jira. Jiragen zamanin da iska ce ke tura su, iska kuwa ba ta san watan Zulhajji ba. Jirgi ya kan iso daga ƙasar Hindu watanni kafin aikin haji, bayan an sauko daga Arfa kuma mutum ya kan daɗe yana duban teku kafin ya sami mai komawa wajen ƙasarsu. Ga kuma duwatsun murjani a cikin ruwa, ba su barin babban jirgi ya matso gaɓa, sai ƙananan jiragen da a ke kira sambuk su yi ta jigilar mutane da kaya. A wajen 1509 Sarkin Masar, Ƙansu al-Guri, ya sa Husaini al-Kurdi ya kewaye garin da ganuwa don tsoron Turawan Fotugal, waɗanda suka zo a 1517 suka koma ba su shiga ba. Ganuwar nan ta yi fiye da shekara ɗari huɗu tana raba baƙi gida biyu: mai abin hannu ya kwana ciki, maras shi ya kwana waje.

To, in an tambaya ina mashayar Jidda, amsar ita ce gahawa. A Hijaz kalmar tana nufin abin sha, tana kuma nufin wurin da a ke shansa. Hukuma ba ta yarda da ita da wuri ba. A 1511 Ha'ir Beg, wakilin Sarkin Masar a Makka, ya hana shan gahawa, don a ganinsa taron masu shanta bai bambanta da taron mashaya giya ba. Hanin bai daɗe ba. Burckhardt, Baturen Suwizalan da ya shiga Hijaz a 1814 da sunan Shaihu Ibrahim, ya sauka a wani han na Jidda, zazzaɓi ya kwantar da shi a ciki, da ya sami sauƙi ya zaga kasuwa ya ƙirga gidajen gahawa 27. Ya kuma ambaci masu sayar da buza a unguwannin talakawa, wata giyar hatsi ce mai kama da burkutu. Ashe dai garin bakin teku ba ya rasa halinsa, ko da kuwa ƙofar Makka ne.

Amma gidan gahawa ba wurin hira kaɗai ba ne, masaukin talaka ne. A kan jera dogayen gadajen igiya a waje, waɗanda mutanen Hijaz su ke kira mirkaz. Da rana a zauna a kansu, da dare wanda ba shi da kuɗin han ya ba da 'yan kuɗi kaɗan ya miƙe a kan ɗaya, taurari na bisansa. Haka kuma hanyar Makka ta ke. Ayari ya kan fita ta Ƙofar Makka da yamma, ya yi dare biyu a hanya, ya wuni a Bahra ko Hadda, jaki mai sauri kuwa ya kan kai a dare ɗaya. Duk tsawon hanyar akwai rumfunan gahawa, inda a ke samun ruwa da wurin kishingiɗa, har zuwa Shumaisi a bakin iyakar Harami, wurin da littattafan tarihi su ke kira Hudaibiyya. Da Bahaushen fatake ya ga waɗannan rumfuna, zango zai kira su, bai kuwa yi kuskure ba.

Jirgin ruwa mai hayaƙi shi ya fara sauya al'amarin, musamman bayan da aka buɗe mashigin Suwez a 1869. Alhazai suka ƙaru, daga Jawa da Hindu da Masar da Magrib, attajiran Jidda suka sami kuɗi, suka gina dogayen benaye na dutsen murjani, hawa huɗu, hawa biyar, da tagogin katako masu sassaƙa da suka leƙo kan titi. Rawashin a ke kiransu. Iska tana shiga, ido ba ya shiga. Mafi shahara shi ne Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, mai ɗakuna fiye da ɗari, da itacen darbejiya a ƙofarsa tun lokacin da itace ya ke abin kallo a garin. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka sa'ad da ya shiga Jidda a ƙarshen 1925. Wannan abin lura ne: sarki da kansa ba otal ya nema ba, gidan mutum ya sauka. Sauran masu benaye kuwa, in lokacin haji ya gabato, sai su kwashe iyali su koma hawa na sama, su ba da na ƙasa haya.

Wanda ya ke haɗa baƙo da ɗaki shi ne wakili. Da alhaji ya taka ƙasa sai a tambaye shi sunan muɗawwifinsa, watau mutumin Makka wanda zai jagorance shi cikin ɗawafi da sauran ayyukan haji. Kowane muɗawwifi yana da wakili a Jidda. Shi zai karɓi baƙo, ya riƙe takardunsa, ya sauke shi, ya yi masa cinikin raƙumi. A Makka kuma muɗawwifi ya sauke shi a gidansa ko a gidan da ya kama haya, ya kafa masa tanti a Arfa da Mina. Sana'ar gado ce, kowane gida da ƙasar da ya riƙe, har su kan koyi harshen baƙinsu. Wannan shi ne fatoma sak, sai dai da rawanin Larabawa. A cikinsu akwai masu amana waɗanda jikoki su ke sauka wurin jikokinsu, akwai kuma masu tatsar baƙo har sai ya sayar da rigarsa. Wanda ba shi da komai kuwa, sai ya nufi ribaɗi, watau gidan waƙafi da wani mai hali ya gina don matalauta, sau da yawa da sharaɗin cewa na mutanen ƙasa kaza ne, ko na mata waɗanda ba su da kowa. A Makka a wancan zamani akwai kuma Takiyyar Masar, wadda Muhammadu Ali Basha ya kafa a shekarun 1820, inda a ke raba gurasa da miya kowace rana.

Jirgin hayaƙi ya kawo wani masauki kuma wanda ba mai son sa. Annobar kwalara ta 1865 ta kashe alhazai masu yawa, ta bi masu komawa har Turai, saboda haka aka kafa wuraren tsare matafiya a tsibirin Kamaran, da Ɗur a Sina'i, da tsibirin Abu Sa'ad kusa da Jidda. Daga kalmar Turawa ta wannan tsarewa aka sami sunan unguwar Karantina a Jidda.

Yanzu sai a dubi Hausawa, domin su ta wata ƙofa suka shigo labarin. Kaɗan ne suka zo kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya bi ta Ingila a jirgin ruwa ya yi haji a 1921. Mafi yawa a ƙasa suka taka, daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lamy wadda a ke kira Njamena yanzu, zuwa Abeshe, da Fashir, da Ubayyid, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar ta kan ci shekaru, domin mutum sai ya tsaya ya yi noma ko ƙodago ya sami guzurin gaba, waɗansu ma ba su ƙarasa ba, suka zauna a Sudan, kamar mutanen Mai Wurno waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Duk tsawon hanyar nan daga zango zuwa zango su ke tafe, kowane da mai unguwarsa Bahaushe ko Bafillace ko Babarbare.

Da suka ƙetare teku ba su sake hali ba. Larabawa suna kiran mutanen Yammacin Afirka Takruri, daga nan Hausa ta sami kalmar Takari. Kuɗin han ya fi ƙarfinsu, don haka suka kafa bukkokinsu a bayan ganuwar Jidda, a ƙauyen da aka sani da suna Nakatu, a Makka kuma suka zauna a Jarwal da Misfala, waɗanda a lokacin gefen gari ne. Maza suna dako da ɗiban ruwa da itace, mata suna sayar da abinci. Sabon zuwa ba ya neman wakili, sai ya tambayi inda Katsinawa ko Kanawa su ke, a nuna masa gidan wani wanda ya riga shi zuwa da shekara ashirin. A nan zai ci tuwo, a nan zai ji labarin wanda ya mutu a hanya. Ba za a ce zaman daɗi ba ne. Ruwa da tsada, cuta da yawa, kuma kafin a soke bauta a ƙasar a 1962 akwai haɗarin a yaudari baƙo a sayar da yaran da ya zo da su. Amma mutum yana da wanda ya san sunansa da na ubansa.

A 1947 aka rushe ganuwar Jidda, a shekarar nan kuma aka jawo wa garin ruwa daga Wadi Faɗima. Daga nan sai abubuwa suka yi ta sauri. A shekarun 1950 aka gina manyan zaurukan kwana na gwamnati da a ke kira Madinatul Hujjaj, na masu zuwa ta ruwa dabam, na masu zuwa ta sama dabam. Otal irin na Turawa ya bayyana, kamar Kandara Palace kusa da tsohon filin jirgin sama, inda manyan baƙi da 'yan kasuwa su ke sauka. Sai dai ba mashaya a ciki, domin Sarki Abdul'aziz ya hana giya gaba ɗaya a 1952. A Kano, su Alhaji Mahmudu Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai wadda ta bar wa wani yanki na Fagge sunan Wapa, tafiyar shekaru ta koma ta makonni a mota, sa'an nan ta sa'o'i a jirgin sama. A 1957 Malam Abubakar Gumi ya yi aikin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, alamar cewa gwamnati ta fara sa hannu cikin aikin mai masauki. Da aka buɗe sabon filin jirgin sama a 1981, mai rumfunan alhazai kamar tantuna, sai jiran nan da ya raya Jidda shekara dubu ya ƙare. Alhaji ya sauko daga jirgi ya hau mota, ko garin bai gani ba. Yanzu ma da yawa daga alhazan Nijeriya a Madina jirginsu ya ke sauka.

Nauyin duka sai ya koma kan Makka, ita kuwa kwari ce tsakanin duwatsu, ba ta da fili. Tun daga 1955 a ke faɗaɗa Masallacin Harami, kowace faɗaɗawa kuma tana cin unguwannin da ke kewaye da shi, tare da ribaɗansu da gidajen muɗawwifai. An rushe ganuwar soja ta Ajyad a 2002, aka gina dogayen benayen nan masu agogo a wurinta, aka gama su a 2012. An kwashe unguwar Shamiyya a 2008. Abin da ya maye gurbin tsofaffin gidaje otal-otal ne masu tsada, waɗanda talakan alhaji ba ya iya kwana ko ɗaya a cikinsu. Ga jama'a kuma sai ƙaruwa, har a 2019 aka ƙirga alhazai kusan miliyan biyu da rabi. Tilas aka tura masaukai waje, zuwa Aziziyya da Rauda da Kudai da Shisha.

Kada mai karatu ya haɗa sunan unguwar nan da shishar da a ke zuƙa. A rubutun boko iri ɗaya ne, amma a rubutun Larabci sun bambanta. Shisha tana kan hanyar da ta gangaro daga Mina zuwa Ma'abda, ta kwarin da Larabawan da su ke kira Abɗah ko Muhassab. A wannan kwari Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka bayan ya baro Mina a Hajin Bankwana, shekara ta 632, har malamai suka yi saɓani, ko saukar sunna ce, ko kuwa zango ne kawai don fita ta yi sauƙi. Ashe wurin tsohon masauki ne tun kafin a san bene.

Yau Shisha layuka ne na benaye, da Asibitin Sarki Faisal a cikinta. Daga nan zuwa Harami tafiyar wajen sa'a guda ce a ƙasa, shi ya sa haya ta fi sauƙi, shi ya sa kuma motoci su ke ta kai da komo dare da rana ta hanyoyin da aka huda cikin duwatsu. Amfaninta na gaske sai ranakun Mina, 11 da 12 da 13 ga Zulhajji, domin wurin jifan Shaiɗan yana kusa. Mutum ya yi jifa, ya tako zuwa ɗakinsa ya yi wanka ya huta, ya koma tanti kafin dare. Hukumar alhazan Indunisiya ta kan kama benaye da yawa a nan, haka ma kamfanonin da ke kawo alhazai daga Turai da Asiya, waɗanda su kan kwashe mutanensu daga otal na kusa da Harami su kawo su nan in Arfa ta gabato.

Ɗakin Shisha ba ya kama da na han. Gadaje huɗu ko biyar, na'urar sanyaya ɗaki, famfo mai ruwa, abinci daga kamfani a cikin kwali. Ba a saukar da alhaji a bene sai hukuma ta duba shi ta ba da takardar izini, kuma ba a wasa da wannan, musamman tun da wani tsohon masauki ya rushe a unguwar Gazza kusa da Harami cikin Janairun 2006, mutum 76 suka rasu. Wanda ya san labarin bukkokin Nakatu ba zai raina wannan ci gaba ba. To, amma wane ne mai masauki? A farkon shekarun 1980 gwamnati ta tattara muɗawwifai cikin ƙungiyoyi, kowace da yankinta na duniya, ɗaya ta ƙasashen Afirka waɗanda ba na Larabawa ba, daga baya aka mai da su kamfanoni. A Nijeriya, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, da hukumomin jihohi su ke tura ma'aikata tun da watanni su duba gidaje su kama haya. Alhaji bai san mai benen ba, mai benen bai san shi ba. In ya ɓace ba zai ce a kai shi gidan wane ba, sai ya nuna katin da ke rataye a wuyansa, a karanta lamba. Abin da ya saura na tsohuwar al'ada yana bakin titi, a Misfala da sauran unguwannin da alhazan Nijeriya da Nijar su ke sauka, inda matan Takari su ke kawo tuwo da miya da yamma, alhaji ya bar abincin kwali ya tsuguna, a gaisa da Hausa, a tambayi mutanen gida.

Tsohuwar Jidda kuwa, wadda a ke kira Balad, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, a ka yi ta gyaran rawashin. A 2021 da 2022 aka rushe unguwanni da yawa na kewayenta, har da Sabil da Karantina da Kandara, inda jikokin Takari da yawa su ke zaune. A 2024 aka buɗe waɗansu tsofaffin gidajen attajirai, kamar Gidan Jukhdar, a matsayin ƙananan otal masu tsada, baƙinsu masu yawon buɗe ido ne. Jirgin ƙasa mai sauri da aka buɗe a 2018 yana wuce Bahra da Hadda ba ya tsayawa. A Shisha kuma, in watan Muharram ya kama, motoci su kwashe na ƙarshe, sai a tattara katifu, a kashe fitilu, a kulle benaye da yawa a bar mai gadi a ƙofa, har Zulƙida ta kewayo.